Wasiƙa daga Landan: abincin hunturu da neman ƙudan zuma

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin da ka nema game da ci da sayayya a nan Landan a watan Disamba, lokacin da rana take faɗuwa tun kafin ƙarfe 4 na yamma, sanyi kuma ya kora kowa ɗaki.

Liyafar hunturu a nan kusan kanti ne yake dafa ta. Manyan kantuna suna cika firji da ƙananan kayan ciye-ciye da aka riga aka haɗa, uwargida ta ɗumama su, ta jera wa baƙi tare da cuku da gasasshen talotalo da dankalin turawa. Babu hidimar nan tamu ta jajiberin salla, inda mata suke kwana tuyar nama da cincin, maƙwabta suna kama wa juna. Sauƙi kam akwai shi, amma ɗanɗanon bai gamsar da harshen da ya saba da yaji da daddawa ba. Abin da na yaba shi ne rubutun jikin kwali, domin doka ta tilasta a bayyana abin da aka zuba a ciki, kuma ta haka na gane cewa wani ɗan kek ɗinsu mai zabibi da kirfa, wanda ake miƙa wa kowane baƙo, akwai mai barasa akwai marar ita.

Ranar 25 ga wata, wato ranar Kirsimeti, gari yana tsayawa cak: tun 2004 doka ta hana manyan kantuna buɗewa, kuma bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa ba sa aiki. Washegari ake yin abincin hantsi, wanda yake haɗe karin kumallo da abincin rana, da soyayyen ƙwai da burodi da wake da ragowar talotalo. Ni ƙosai da kunun gyaɗa na kai wa maƙwabtana, kuma ba a dawo da ko ɗaya ba.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda na san zai ba ka mamaki kai da amyoyinka suke rataye a kan ɗorawa, shi ne yadda mutanen nan suke kashe kuɗi don ƙudan zuma ya shigo lambunsu. A wuraren sayar da shuke-shuke za ka ga tukwanen furanni ɗauke da tambarin RHS, babbar ƙungiyar masu lambu ta ƙasar, mai nuna cewa ƙudan zuma yana son furen. Tun kafin sanyi ya sauka suke binne wasu ƙwayoyi masu kama da albasa, domin su yi fure a Fabrairu lokacin da ƙudan ba shi da abin tsotsa. Har ɗan gida ake sayarwa, na guntayen gora masu rami, saboda daga cikin nau'o'in ƙudan zuma kusan 270 da suke Birtaniya, mafi yawa ba sa zaman taro kuma ba sa yin zuma, amfaninsu shi ne kai ƙurar fure daga wannan tsiro zuwa wancan har ya yi 'ya'ya. A watan Mayu ma wasu sukan daina yanke ciyawar ƙofar gidansu don furannin daji su fito.

Duk da wannan ɗawainiya, yawancin zumar kantunansu daga waje ake shigo da ita, tatacciya tas, ba ta da kaurin taka balle ƙamshinta. Ta cikin gida kuwa tsada gare ta. Idan ka sha amya bana, ina roƙon ka rage wutar da ake kunna wa ƙudan, ka bar musu saƙar da take da 'ya'ya a ciki. A gaishe mini da Inna da yara.