Gargaɗi: mai sayar da tashar YouTube "mai biyan dala" a Yamai, jika 150 kan kowane yaro

Jika 150, wato sefa 150,000. Ku riƙe wannan adadi, don shi ne abin da wani mai kiran kansa koci ya karɓa a hannun kowane ɗaya daga yara shida a nan Yamai, tsakanin Bukoki da Lazare da Talaje, da sunan zai sayar musu da tashar YouTube wadda ta riga ta fara biya. Jika 150 sau shida, jika 900. Ɗaya babur ɗin da yake kabu-kabu da shi ya jinginar. Ɗaya kuɗin adashin mahaifiyarsa ne. Yau ba tasha, ba kuɗi, lambar mutumin a kashe.

Mu gyaran waya da kwamfuta ne sana'armu, shi ya sa abin ya fi ci mana rai. An kawo mana hoton allon kwamfuta da ya turo a matsayin shaida kafin a biya, muka duba, muka ce ya yi kama da na gaske. Kuma wallahi ya yi kama. YouTube Studio ne sak, shafin da mai tasha ke ganin mabiyansa da kuɗinsa, launinsa da rubutunsa, mabiya 12,400, kuɗin kwana 28 dalar Amurka 312. Ba abin da ya kauce. Duk wanda ya ce shi da ya gane daga hoton nan kaɗai, ba gaskiya ya faɗa ba. Masu zama a fada suna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala, su daina. Yaran nan sun yi tambaya, sun nemi shaida, an nuna musu shaida. Shaidar ce jabu.

Ga yadda ake ƙera ta. A kwamfuta, in ka buɗe Chrome ka danna F12, ko ka danna dama ka zaɓi "Inspecter", kana iya sake duk rubutun da ke gabanka. Inda aka rubuta dala 0 ka mai da shi 312, inda aka rubuta mabiya 400 ka ƙara 12 a gaba. Aikin minti ɗaya ne. Canjin a allonka kawai yake, bai taɓa komai a wurin Google ba, da ka danna F5 shafin ya sake lodi komai ya koma asalinsa. F5. Maɓalli ɗaya. Da an ce masa ya danna shi a gaban mutane, ko ya shiga tashar ta wayar mai saye da manhajar YouTube Studio, da jika 900 na nan a aljihun masu su. Hoto aka kawo mana, muka yi hukunci a kan hoto, wannan kunyar tamu ce. Har bidiyon allo ya turo wa biyu daga cikinsu, yana gangarawa sama da ƙasa, amma ku lura, ko sau ɗaya bai sake loda shafin ba.

Bai karɓi jika 150 lokaci guda ba, da an farga. Jika 25 na farko kuɗin horo ne, aka sa su a wani zauren WhatsApp inda shi kaɗai ke iya rubutu, yana turo saƙon murya. Sai jika 85 kuɗin tasha. Sai jika 40 wai na fito da PIN, lambar da Google ke tabbatar da adireshin mutum da ita. 25 da 85 da 40. A'a, kafin horon ma akwai zaman da ya yi da su ido da ido, ya zo da kwamfutarsa, ya sha shayi a fadarsu, yana kiran kowa ƙanena, aka kira sallar la'asar ya tashi aka yi da shi. A nan aka yarda da shi. Ba a intanet ba, a kan tabarma. Wa zai ce mutumin da ya san ƙofar gidanku ɓarawo ne?

Maganar PIN ita ta fi ƙona zuciya, don ƙarya ce tsagwaronta. Google ba ya karɓar ko dala ɗaya ta sefa biyar a kan PIN. Idan kuɗin da ke asusun AdSense, asusun da Google ke biyan kuɗin talla ta cikinsa, ya kai dalar Amurka 10, Google ke buga lamba mai alƙaluma shida a takarda ya aiko ta gidan waya zuwa adireshin da mai asusun ya rubuta. A Yamai in ba ka da akwatin gidan waya, BP, da wuya ta same ka. Tana ɗaukar makonni, in ba ta iso ba ka nemi wata, kyauta, kuma kana da wata huɗu ka shigar da ita. Babu wani ma'aikaci a tsakani da ake ba shi jika 40 ya hanzarta. Biyan kuɗin kansa sai asusu ya kai dalar Amurka 100, ana fitar da shi tsakanin 21 da 26 ga wata, zuwa asusun banki. Shi kuwa ce musu ya yi dalar za ta faɗo kai tsaye a wayarsu kamar yadda ake turo kuɗi ta Airtel Money ko NITA. Google ba ya biya ta nan.

To ina tashar ta tafi? Ya ba su adireshin Gmail da kalmar sirri, suka shiga, suka ga tasha, suka canza kalmar sirri, suka sa lambarsu, suka kwanta da farin ciki. Abin da ba su sani ba shi ne, bayan an canza lambar ceto ta asusun Google, tsohuwar lambar tana iya ci gaba da karɓar lambar tabbatarwa har kwana bakwai. Rana ta uku ya karɓi jika 40 na PIN. Rana ta biyar ya ce wa Google ya manta kalmar sirri, saƙo ya je tsohon layinsa, ya karɓe abinsa, ya kore su. Biyu daga cikinsu ma ko Gmail bai ba su ba, masu kula da tasha kawai ya sa su, shi yana nan a matsayin "propriétaire principal", wato babban mai tasha. A irin wannan tasha, sai mutum ya yi kwana bakwai yana cikin masu mallaka kafin ya iya zama babban mai ita, kuma kafin nan wanda ke sama na iya cire kowa da dannawa ɗaya. Ya san kwana bakwai ɗin nan sarai. Duk cinikinsa a cikinsu yake gamawa.

Kuma tasha ɗaya ce. Guda ɗaya tak ya sayar sau shida, jika 85 kowane karo. Ya sayar, ya ƙwace, ya canza mata suna da hoto, ya sayar wa na gaba. Wanda aka ƙwace wa in ya kira, sai ya ce YouTube ce ke bincike, a yi haƙuri mako biyu. Asiri bai tonu ba sai da biyu suka haɗu suna kuka da abu ɗaya, suka gwada tsofaffin hotunan da ke wayoyinsu, suka ga bidiyoyi iri ɗaya, gutsattsarin ƙwallon Turai da fina-finan Indiya.

Wannan ma kaɗai ya isa ya nuna tashar ba ta taɓa biya ba. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da kai sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na Shorts, gajerun bidiyoyi, cikin kwana 90. Bayan ka cika ma sai an duba abin da kake ɗorawa, kuma tashar da ta tara aikin wasu ba tare da ta ƙara komai nata ba ana ƙin ta. Gargaɗin haƙƙin mallaka uku, an rufe tasha. Sannan akwai jerin ƙasashen da shirin biyan kuɗin ke aiki a cikinsu. Najeriya na ciki, Gana da Senegal na ciki, mun duba ba mu ga Nijar ba. Koci bai taɓa ambaton jerin nan ba a duk saƙonnin muryarsa, ga shi kuwa jika 25 aka ba shi don ya koyar.

A ce ma tashar ta gaske ce tana biya. Kuɗin ba wurin mai riƙe da kalmar sirri suke zuwa ba, asusun AdSense da aka ɗaura wa tashar suke zuwa, mai sunan wani da bankin wani. Canza shi sau ɗaya ake yi cikin kwana 32. Kai ka sayi intanet, ka kwana kana ɗora bidiyo, shi ya je banki. Ta ko'ina aka bi cinikin biri a sama ne. Ku kuma yi lissafi: a misali, in kallo 1,000 na kawo dala 1, dala 312 na buƙatar kallo 312,000 cikin kwana 28. Bidiyon da ya fi kowanne kallo a tashar nan bai kai 900 ba, kuma wannan lambar a fili take, kowa na iya ganinta daga wayarsa ba sai da kalmar sirri ba. Ba mu nemi sunan tashar mun duba ba. Hoton muka kalla. Dala 312, kwana 28, mabiya 12,400, har yanzu lambobin suna yawo a kanmu.

Resin aiken kuɗi guda goma sha ɗaya ke hannunmu, sunaye uku mabambanta a kansu, babu ɗaya da ya dace da sunan da ya faɗa wa yaran. Ma'aikatan wurin aike ba su da laifi, wanda ya kawo katin shaida mai sunan da ke takarda suka ba. Za mu ɗora hotunan resin da saƙonnin WhatsApp da hoton allon na jabu, da zarar mun shafe lambobin yaran. Bidiyon allon ma za mu sa, ku kalla da idonku ku ga bai danna F5 ba.

Kada ku sayi tasha. Kada ku biya kuɗin PIN. Wanda ya nuna muku kuɗi a allonsa, ku ce ya shiga ta wayarku. Buɗe tasha kyauta ne, da Gmail ɗinka da lambarka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Wanda ya riga ya biya, kada ya goge komai don kunya. Ya tara resi da saƙonni da lambobin da aka kira shi da su, ya kai ƙara wurin 'yan sandan PJ, masu binciken laifuka. Akwai doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 a kan laifukan intanet. Shida muka sani, amma zauren WhatsApp ɗin nan mutum fiye da arba'in ke ciki ranar da ya rufe shi, kuma kowannensu aƙalla jika 25 ya biya kafin a sa shi. Mai babur ɗin nan ƙarshen wata ne wa'adin jinginarsa.