Farasitamol na ruwa na yara: abin da na gani bayan na yi amfani da shi

A daminar da ta wuce ne ɗana mai shekara biyu ya tashi cikin dare jikinsa kamar garwashi, ma'aunin zafin jiki ya nuna digiri 39, ya ƙi nono ya ƙi ruwa, sai kuka kawai yake yi. Mahaifinsa ya riga ya sayo kwalbar farasitamol na ruwa a kantin magani, irin wanda aka rubuta cewa kowane mililita 5 na ɗauke da miligiram 120, kuma a kan wannan kwalba nake wannan sharhi bayan na yi amfani da ita har ta ƙare.

Ta fuskar aiki ba ni da abin kushewa. Kafin awa ɗaya ta cika zufa ta karyo masa, jikin ya lafa, ya karɓi ruwa ya yi barci. Maganin yana da zaƙi, don haka ban sha wahalar ɗura ba. Na kuma ji daɗin ganin lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar ƙarewar wa'adi a fili, domin duk uwar da ta tuna yaran da suka rasu a Najeriya a 2008 sanadiyyar gurɓataccen maganin haƙori na ruwa, da kusan yara 70 da suka rasu a Gambiya a 2022 su ma sanadiyyar gurɓataccen maganin ruwa, ba za ta ƙara buɗe kwalba ba tare da ta duba waɗannan abubuwa ba.

Inda na sami matsala shi ne awo, kuma nan ne hatsarin maganin yake. Ƙaramin kofin robar da aka saka a cikin kwalin layukansa ba su fita sosai, ga shi da hasken tocila nake dubawa saboda an ɗauke wuta. Bayanin da ke jikin kwalin ma da Turanci ne kaɗai, da ƙananan baƙaƙe, kuma shekarun yaro ya bi bai bi nauyinsa ba. Da gari ya waye muka je asibiti, ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a sikeli ya ba da kilo 12, sannan ta yi mini lissafin a gabana: ana ba yaro miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo, wato ɗana ba zai wuce miligiram 180 a sha ɗaya ba, daidai da mililita 7.5 na irin kwalbar da ke hannuna. Ta gargaɗe ni cewa akwai wanda ya fi wannan ƙarfi, mai miligiram 250 a mililita 5, wanda idan aka auna shi da wannan awon an ninka wa yaro magani har da ɗoriya. Ta ce a bar tazarar awa 4 zuwa 6, kada a wuce sau huɗu a kwana ɗaya, domin farasitamol idan ya yi yawa hanta yake lalatawa, kuma alamun ba sa bayyana da wuri. Ita ce ta ba ni sirinji marar allura, tun daga ranar na daina taɓa kofin, balle cokalin shayi da girmansa ya bambanta daga gida zuwa gida.

Akwai kuskuren da na kusa yi wanda har yanzu yake tayar mini da hankali. Da mura ta biyo baya, surukata ta kawo maganin mura ta ce, "Ki haɗa masa da wannan, 'yata, ya fi saurin aiki." Na amsa da "To, Hajiya," har na girgiza kwalbar, sai Allah ya sa na duba jikinta na ga shi ma akwai farasitamol a ciki. Da na haɗa su da na ba shi magani ɗaya sau biyu ban sani ba, kuma babu inda kwalin namu ya ja kunne a kan haka da baƙaƙen da ido zai kama.

Gwajin jinin da aka yi masa ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, aka rubuta masa maganinsa na kwana uku, kuma wannan ne ya warkar da shi. Farasitamol ya sauke zafin ne kawai ya ba shi damar ci da sha, wanda hakan ke iya yaudarar uwa ta ɗauka an samu lafiya alhali ciwon na nan. Shi ya sa ma'aikaciyar ta ce jaririn da bai kai wata uku ba idan ya yi zazzaɓi asibiti za a nufa kai tsaye, haka ma yaron da ya yi jijjiga, ko ya kasa shan komai, ko zazzaɓinsa ya ƙi sauka.

Zan sake sayen wannan magani, sai dai zan nemi mai murfin da yaro ba zai iya buɗewa ba, domin wata rana na tarar da ɗana ya jawo kwalbar yana ƙoƙarin murɗa murfin saboda zaƙin da ya ɗanɗana. Yanzu a saman kabad nake ajiye ta, inda rana ba ta kaiwa, tare da sirinjin da wata 'yar takarda da nake rubuta lokacin kowane sha don kada ni da mahaifinsa mu ba shi a jere.