MP4 ko MKV: wanne talabijin ɗinka zai karɓa?

Ɗan'uwa, ka ce ka zuba finafinai uku a filasha ka soka a bayan talabijin. Na farko ya buɗe lafiya lau, na biyu hoto ya fito babu sauti, na uku kuwa ko motsi bai yi ba, har ka goge .mkv a ƙarshen sunan fayil ɗin ka rubuta .mp4 amma jiya i yau. Shi ne kake tambaya wanne ya fi tsakanin MP4 da MKV.

Su biyun nan mazubi ne kawai, kamar kwali. A ciki ake zuba hoton, da sautin, da rubutun fassarar da ke fitowa a ƙasa. Da ka sauya sunan, takardar jikin kwalin ka sauya, kayan ciki suna nan yadda suke.

MKV, wato Matroska, ya fito a 2002, kuma cikinsa da faɗi. Yana ɗaukar sauti a harsuna da yawa, da fassara iri-iri, kusan duk abin da aka ba shi. MP4 bai kai shi sakin jiki ba, musamman wajen fassara, amma da wuya ka samu waya ko talabijin na zamani da zai ƙi shi. Don ajiya a kwamfuta na fi son MKV. Don kallo a na'urar da ban san halinta ba, MP4 nake ɗauka.

Inda gizo ke saƙar shi ne salon da aka matse hoton da shi, abin da ake kira kodek. H.264 tun 2003 yake, ya game ko'ina. H.265 ya zo a 2013, yana iya ba da hoto mai kyau daidai da na H.264 a kusan rabin girman fayil, shi ya sa masu ɗora fim suke ƙaunarsa. Sai dai talabijin da aka ƙera kafin ya yaɗu ba shi da abin warware shi, ko a wane kwali ka kawo masa. Ina kyautata zaton abin da ya samu fim ɗinka na uku ke nan. Na biyun kuwa alama ce an matse sautinsa da salon DTS. Akwai talabijin da yawa da ba sa karanta shi, alhali salon sauti na AAC da AC3 suna wucewa sumul. Kafin ka taɓa komai, buɗe fayil ɗin da manhajar MediaInfo, kyauta ce, za ta nuna maka abin da ke ciki.

Daga nan hanya biyu ce, kuma tazararsu da yawa. Idan hoton H.264 ne, sauya kwali kawai za ka yi, ka gyara sautin in da buƙata. Da manhajar FFmpeg, wadda ake rubuta wa umarni, layi ɗaya ne:

ffmpeg -i fim.mkv -c:v copy -c:a aac fim.mp4

Kalmar copy ɗin nan ita ce ke cewa kada a taɓa hoton. Cikin 'yan mintuna an gama, kyan hoton bai ragu da komai ba. Idan kuwa H.265 ne kuma talabijin ɗin ya ƙi, sai an warware hoton an sake matse shi daga farko. Nan manhajar HandBrake ta fi sauƙi: ka zaɓi tsarin Fast 1080p30, zai ba ka H.264 da AAC a cikin MP4. Amma ka shirya jira, tsohuwar kwamfuta tana iya shafe awanni fankarta na kuka, fayil ɗin yakan ƙara nauyi, kuma kowace sabuwar matsa tana ɗan cin kyan hoton. Na sha ganin mutum ya kwana yana wannan aikin alhali sauti kaɗai ne matsalarsa.

Idan tsohuwar na'urar DVD mai ramin USB ce gare ka, labarin daban ne. Yawancinsu kwalin AVI suka sani, mai ɗauke da kodek na Xvid ko DivX, kuma faɗin hoton kada ya wuce ɗigo (pixel) 720.

Ka kuma duba filashar kanta. Idan a tsarin FAT32 take, ba za ta karɓi fayil ɗin da ya haura gigabait 4 ba, ko da wuri ya rage fal. Sai ka mayar da ita exFAT ko NTFS, gwargwadon wanda littafin talabijin ɗinka ya ambata, bayan ka kwashe kayanka, don gogewa za ta yi tas. Fassara kuma, ka ajiye fayil ɗin .srt kusa da fim ɗin, sunansu ɗaya sak, yawancin talabijin za su ɗauko shi da kansu.