Berliner, Quarkbällchen ko Mutzenmandeln: wanne zaka saya?

Duk wanda ya taɓa yin watan Fabrairu a Jamus yasan ƙamshin nan, ka fito daga tashar jirgin ƙasa sanyi na cizon kunnenka sai kaji ƙamshin suya ya bugeka daga gidan burodi, ka leƙa gilashi kaga an jera abubuwa kala-kala duk an barbaɗe su da suga. Ni shekarata ta farko tsayawa nayi ina nuni da yatsa kawai, bansan sunan ko ɗaya ba, balle abinda ke ciki.

Dalilin yawansu a wannan lokacin shine Kiristoci suna da azumin kwana 40 kafin Ista, yana farawa ranar Laraba da suke kira Aschermittwoch wato Larabar toka. A da cikin azumin nan ana barin nama da ƙwai da kitse, to kafin ya shigo sai a ƙarar da abinda ke gida ta hanyar suya. Har Alhamis ɗin da take kafin Larabar mutanen kudu maso yamma suna ce mata Schmotziger Donnerstag, kuma Schmotz a bakinsu maiƙo ne, kaga sunan ma ya faɗa maka komai.

Sarkinsu dai shine Berliner. Ƙulli ne mai yis da madara da ƙwai, a mulmula a soya, bashi da rami a tsakiya irin na donat, sai bayan an soya ake ɗura masa jam da wani abu kamar sirinji. Abin dariyar shine a birnin Balin ɗin kanshi basa ce masa Berliner, Pfannkuchen suke cewa, a Bavariya da Ostiriya Krapfen, a wajen Farankfot da Mainz kuma Kreppel, duk abu ɗaya ne kar wani ya ruɗeka. In zaka zaɓa duba gefensa, mai kyau yanada farin zobe a kewaye kamar ɗamara inda mai bai taɓa ba, alamar ƙullin ya tashi sosai ya yi iyo a saman mai. Wanda kaga ya yi duhu ko'ina ya yi nauyi a hannu, takardar da aka naɗe shi har ta jiƙe, to mai ya sha, barshi. Kuma abincin ranar ne, in ya kwana sugan ya narke ya koma kamar burodin jiya.

Inda ake yin a hankali shine abin cikin. Na gargajiya jam ne ja na 'ya'yan itace, a Ostiriya da wasu sassan Bavariya ruwan ɗorawa ne na afirkot, a yankin Franken kuma Hiffenmark wanda ake yi da 'ya'yan itacen furen wardi na daji, yanada ɗan tsami-tsami kamar an sa tsamiya kaɗan, ni dai shi nafi so wallahi. Amma lokacin bikin Karneval, wato shagalin da suke yi kafin azumin ya shigo, sai su fito da na gayu, na cakulan, na banila, da kuma na Eierlikör wanda giya ce ta ƙwai, sau da yawa da rawayan suga a samansa yana ɗaukar ido, yaro in ya gani shi zai fara nunawa. Masu kirim ɗin nan ma wani lokaci akwai jelatin a ciki, kuma jelatin a Jamus yawanci na alade ne in ba'a rubuta wani abu daban ba. Sannan suna da wata tsokana, a cikin tire guda a ɗura ma ɗaya mustad, wani abu mai yaji-yaji da ake ci da nama, maimakon jam, in abokan aikinka sun kawo ofis kaga suna kallonka suna murmushi to ka gutsira kaɗan tukuna.

In kuma kewar gida ce ta dameka sayi Quarkbällchen. Fanke ne kawai ɗan uwa, ƙanana ƙwallaye an birgima su a suga, bambancin shine suna sa quark a ƙullin, wani abu kamar kindirmo mai kauri da aka tsane ruwansa, shi yasa cikinsu yake da laushi da ɗan danshi. Babu abinda aka ɗura a ciki saboda haka tambayarka ta ragu zuwa ta irin man da aka soya su dashi kaɗai. Da zafinsu ake ci.

A yankunan Schwaben da Baden akwai Fasnetsküchle, masu kusurwa huɗu, suga da kirfa kawai. A Franken akwai Ausgezogene masu kaurin baki da tsakiya siriri, har ana ce musu Knieküchle don wai a gwiwa ake jan ƙullin. Suna da daɗi, amma irin waɗannan na gargajiya ne ya kamata ka fi yin tambaya a kansu, musamman a ƙananan kasuwanni da bukukuwan ƙauye, saboda Schmalz. Kalmar nan kala biyu ce, Butterschmalz man shanu ne sak irin namu da aka soya, Schweineschmalz kuma kitsen alade. Yawancin gidajen burodi yanzu da man tsirrai suke suya amma yawanci ba duka bane. Ka tambaya kai tsaye "Ist das in Schweineschmalz gebacken?" wato da kitsen alade aka soya, sai ka ƙara da "Ist da Alkohol drin?" wato akwai giya a ciki, basa jin haushi, sun saba. Kar ka dogara da takardar abubuwan da ke sa borin jini da doka ta tilasta musu ajiyewa, ita alkama da ƙwai da madara da gyaɗa take lissafawa, babu ruwanta da alade ko giya.

Na tsaraba kuma sune Mutzenmandeln na yankin Kolon, ƙanana masu siffar ɗigon hawaye, ƙullinsu ba mai yis bane, sun fi kama da cincin mai laushi da aka sa ma garin almond, suna yin kwanaki a gwangwani basu lalace ba. Matsalarsu ɗaya, girke-girke da yawa ana zuba musu giyar rum a ƙulli, to nan ma sai an tambaya. 'Yan uwansu Muzen sirara ne masu ƙaras-ƙaras da garin suga, kana ci yana zuba a riga.

Maganar inda zaka saya, na manyan kantuna irin su Lidl ko Aldi sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma waɗanda ke cikin leda an rubuta duk abinda ke ciki, ka karanta da idonka hankalinka ya kwanta, sai dai ɗanɗanon bai kai na gidan burodin da ke soyawa da asuba ba, wasu jam ɗin ma sai ka kusa cinyewa kafin ka tarar dashi. Ni tsarina in ni kaɗai ne Berliner ɗaya mai jam daga gidan burodin da na riga na tambaya, da safe, da shayi mai kauri. In yara ne ko baƙi sunzo, leda biyu ta Quarkbällchen, har yanzu ban taɓa ganin an bar ko ɗaya a faranti ba.