Shekara shida da kwatangwalon tangaran: yaya cinyewarsa take?

Ciwon sikila ne ya kashe mini kan ƙashin cinyar hagu, domin jini ya daina isa gare shi, kuma ina da shekara 31 aka sauya mini gaɓar kwatangwalo. Abin da aka sa mini ƙwallo ne na tangaran mai suna Biolox delta, ƙirar kamfanin CeramTec na Jamus, wanda yake juyawa a cikin kofin roba mai tauri da aka bi da haske mai ƙarfi domin ƙwayoyinta su sarƙe da juna. Kafin aikin likita ya ɗora mini samfurinsa a tafin hannu, ruwan hoda ne, ga sanyi ga santsi, ya ce mini: "Malam, kai yaro ne, don haka cinyewa ce abin da za mu fi dubawa."

Sai daga baya na gane nufinsa. Duk takun da mutum ya yi, ƙwallo yana gugar kofi, burbushin da ido ba ya gani yana zubowa, garkuwar jiki kuma ta ɗauke shi baƙo ta tasar masa, a cikin wannan faɗan ne ƙashin da ke riƙe da ƙarfen da aka kafa sabuwar gaɓar da shi yake narkewa har gaɓar ta soma girgiɗi. Tsohuwar robar da likitan tiyatar ƙashi John Charnley ya fara amfani da ita a Ingila a 1962 takan cinye kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara, abin da tsoho zai iya ƙarasa rayuwarsa da shi, amma ba matashi ba. Ƙarfe a kan ƙarfe kuwa, wato ƙwallon ƙarfe a cikin kofin ƙarfe, na ƙi shi tun farko, saboda yana sakin burbushin ƙarafan kobalt da kuromiyam cikin jini, dalilin da ya sa, tare da yawan lalacewa da wuri, kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na ASR daga kasuwa a 2010. Tangaran a kan tangaran ya fi kowanne jure guga, sai dai a jikin wasu yakan yi ƙara idan suna tafiya.

Duk shekara ina yin hoton ƙashi, likita ya jera sabo kusa da na farko ya auna ko ƙwallon ya nutse cikin robar. Har yanzu bai ga motsin da zai aunu ba, ƙashin kuma bai yi duhun narkewa ba. Na gamsu ƙwarai, ko da yake shekara shida ta yi kaɗan a yanke hukunci a kan abin da ake fatan ya haura ashirin.

Kukana biyu ne. Kuɗinsa ya fi na ƙwallon ƙarfe, sai da muka sayar da fili. Sannan asibitin bai ba ni takardar da ke ɗauke da suna da lambar abin da ke jikina ba sai da na yi ta sintiri wata uku, alhali duk likitan da zai sake buɗe wannan gaɓa wata rana ita zai fara nema.