A nan makaranta ce ke bin yaro

Jama'a sallama daga jihar Michigan ta Amurka, wani ɗan ƙaramin gari da ko Bichi ta fi shi mutane nesa ba kusa ba. Ranar da zan sa yarana uku a makarantar gwamnati wallahi da ambulan na tafi a aljihu, na goro, don ai kun san yadda muka saba. Matar ofis ta karɓi takardar hayan gida da katin rigakafi da shaidar haihuwa, shikenan. Ko biza ba ta tambaya ba, ashe tun 1982 kotun ƙolin Amurka ta hana a ƙi karɓar yaro saboda takardar zama. Da ta ji su uku ne sai ta miƙe ta kira shugabar makaranta, ana ta washe baki kamar na kawo musu ragon layya. Ni kuwa hannu na kan ambulan, kunya kamar in nutse.

Sai daga baya maƙwabcina ya warware min. Jiha na biyan makaranta ne bisa kan yaro, wajen dala 10,000 kowane ɗaya a shekara, garin kuma matasa sun watse birni ba a haihuwa, azuzuwa na ta raguwa. Laraba ta farko a Oktoba ake ƙirga ɗalibai, ku zo ku ga lallashi, takarda a jaka, saƙo a waya, har da pizza don dai kowa ya zo. Rannan autana ya kwana da zazzaɓi na manta ban sanar ba, kafin goma sun kira ni. Mu fa? Yaro zai yi zango guda yana tallan gyaɗa babu mai cigiya, alhali tun 2004 muke da dokar UBE ta karatu kyauta kuma dole a takarda.

Sakamakon jarabawar M-STEP da ake fara yi daga aji uku a intanet yake, kowa na gani, in maki ya faɗi iyaye su kwashe yara zuwa garin gaba, kuɗin ya bi su. Ita babbar tawa da kullum ta ɗaya take zuwa a firamaren kuɗi a gida, na sha yankan kaza a kan haka, aka gwada ta aka ce karatunta sai an ƙara jan ta. Na ji haushi sosai, amma sun ba ta malama ta daban kyauta.

Ba komai ne daɗi ba dai. Bas mai ruwan ɗorawa tun duhu-duhu cikin ƙanƙara, in ka makara minti ɗaya ya wuce, kullum sai na duba jadawalin abinci saboda naman alade, Islamiyya kuma sai ta waya da malaminsu na Kano ranar Asabar. Jiya autan ke tambayata wai mene ne kuɗin tara, na fara ba shi labarin mai ƙosan bakin get ɗinmu sai na ji murya ta sarƙe.