Sitiyarin Ultraflex T67 a ƙaramin jirgin kamun kifi: abin da na gani bayan na ɗaura shi da kaina

Yawancin masuntan da ke da inji a jiragensu a tafkin Kainji, daga Yauri zuwa ƙasa, da hannun inji suke tuƙa su, don haka zancen sitiyari bai dame su ba. Wannan rubutu na waɗanda ke da ƙaramin jirgin faiba ne mai kujerar tuƙi a tsakiya, irin nawa, wanda injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ke turawa. Tsohon sitiyarin da na sayi jirgin da shi ya yi tauri har sai an sa hannu biyu kafin ya juya, kuma a ruwan da kututturan itatuwa ke ɓoye tun da aka kammala madatsar a 1968, jirgin da ba ya karkata nan take haɗari ne ga duk wanda ke cikinsa. Na maye gurbinsa da T67 na kamfanin Ultraflex na ƙasar Italiya, tare da kebul ɗinsa mai lamba M58, kuma na yi aikin da kaina a bakin ruwa.

Kayan ba su da yawa. Akwai akwatin giya da ake ɗaurawa a bayan allon tuƙi, da murfin da ke rufe gindinsa ta gaba, da kebul ɗin, da wani bututun roba da ragowar wayar ciki ke shiga idan an juya. Yadda yake aiki ma a bayyane yake: idan ka murɗa sitiyari, giyar tana jawo ko tura wata murɗaɗɗiyar waya da ke cikin kebul, wayar kuma tana tura sandar ƙarfe a can baya, sandar ta juya injin. Kamfanin ya ƙayyade cewa wannan samfuri na injinan da ba su wuce doki 55 ba ne, kuma ina ganin wannan iyaka abin girmamawa ce, domin mai injin doki 75 ko 85 da ya ɗaura shi don neman sauƙin kuɗi ya ɗora masa nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Aikin da ya fi muhimmanci ana yin sa ne tun kafin a biya kuɗi, wato awon kebul. Ba a yanke shi, ba a kuma ƙara masa tsawo, saboda haka wanda ya sayi gajere ya yi asara, wanda ya sayi mai tsawo fiye da kima kuma zai riƙa naɗe shi a cikin jirgi, kowace lanƙwasa tana ƙara masa tauri. Da ƙafa ake sayar da shi, kuma galibi ana buga tsawon a jikin baƙar robar tsohon kebul kusa da ƙarshensa. Idan rubutun ya goge, sai a auna daga tsakiyar sitiyari zuwa gefen jirgi, daga nan zuwa bayan jirgi, sannan daga gefe zuwa tsakiyar inji, a bi lissafin da ke cikin takardar kamfanin, idan awon ya faɗa tsakanin ƙafa biyu a ɗauki ta sama. Takardar ta kuma hana a lanƙwasa shi a kwanar da ta fi santimita 20 matsewa, kuma na lura cewa tsohon nawa a daidai irin wannan kwana ce robarsa ta tsage, ruwa ya shiga, wayar ta yi tsatsa.

Cire tsohon ya fi sa sabon wahala nesa ba kusa ba. Sitiyarin kansa yana zaune ne a kan sanda mai tsukakken kai, da ɗan ƙaramin makulli na ƙarfe a tsakaninsu, kuma shekaru suna manne su. Dabarar ita ce a sassauta notin har ya yi daidai da kan sandar, mutum ɗaya ya riƙa jan sitiyarin, wani ya buga notin da guduma a hankali ta kan katako. Kafin a zare tsohon kebul, a ɗaura igiya a ƙarshensa domin ta bi hanyar da ya bi a ƙarƙashin gefen jirgi, da ita za a jawo sabon. Idan ramin da ke bayan jirgin ya yi ƙunci, sandar ba za ta fita ba sai an kwance injin an matsar da shi gefe, kuma injin da ya haura kilo 70 ba abin da mutum ɗaya zai ɗaga a kan ruwa ba ne.

Inda na fi daɗewa shi ne bututun da ke gaban injin, wanda injin ke jingina a kansa idan an ɗaga shi, wanda kuma sandar kebul ke shiga da fita ta cikinsa. Da na leƙa ciki, abin da na tarar shi ne tsohon giris da ya gauraya da ƙurar hunturu da yashi da tsatsa, ya daskare ya zama ja-ja kamar busasshen laka. Da an zura sabuwar sanda a haka, da taurin ya dawo ba da jimawa ba, a ce kayan ne ba su da kyau. Na naɗa tsumma a kan siririn ƙarfe, na jiƙa shi da kananzir, na yi ta gogewa har tsumman ya fara fitowa da tsabta, sannan na shafa giris mai jure ruwa a jikin sandar. Mutane da yawa suna zaton 'yan kawunan giris da ke jikin maƙallin inji suna kai mai ga kebul, alhali aikinsu shi ne sauƙaƙa ɗagawa da juyawar injin, sandar kuwa sai an zaro ta an shafa mata da hannu.

Ƙarfen da ke haɗa sandar da injin ba ya cikin kwalin, domin a al'ada tare da inji yake zuwa, kuma mai injin da aka saba tuƙawa da hannu zai nemi nasa dabam wanda ya dace da samfurin injinsa. Notocin da ke riƙe wannan ƙarfe masu roba a ciki ne, waɗanda girgiza ba ta kwance su, kuma a nan ba na yarda da wani madadi. Notin babur ko na janareto zai shiga, zai kuma yi kamar ya ɗauru, amma ranar da ya kwance jirgin yana gudu, injin zai karkace gefe ɗaya gaba ɗaya, abin da kan iya jefa mutum cikin ruwa. Bayan an gama ɗaurawa, tun jirgin yana kan tudu, wajibi ne a murɗa dama a tabbatar injin ya juya yadda jirgin zai yi dama, domin kuskuren shigar da waya a akwatin giya kan juya abin baibai.

A kan ruwa, sitiyarin yana juyawa da hannu ɗaya, kuma daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama bai kai zagaye uku ba, wanda ya dace da mai ratsawa tsakanin kalli da kainuwa. Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne wannan nau'i ba shi da mariƙin ciki da ke kulle sitiyari idan an sake shi, don haka ƙarfin farfela yana dawowa hannu, jirgin kuma yakan ja gefe ɗaya idan an ƙara wuta. Ɗan ƙaramin fiffiken da ke saman farfela an yi shi ne don wannan, kuma da na karkata shi kaɗan jan ya ragu sosai. Wanda ke son ya saki sitiyari ya ja taru sai ya nemi samfurin da ke da mariƙin ciki, ko wanda ke aiki da matsin mai a cikin bututu, wanda ya fi tsada kuma sai an iya fitar da iska daga bututunsa.

Ga mai kwale-kwalen katako da ke zuba mamari shi kaɗai, ba na ba shi shawarar sayen wannan ko waninsa, domin hannun inji ya fi masa sauri kuma abin lalacewarsa kaɗan ne. Ga mai jirgin faiba da injinsa bai wuce iyakar da aka faɗa ba, wanda kuma makanikin jirgi ke masa nisa, na gamsu da shi, kuma sifana da filaya da sukurdireba da guduma sun isa aikin. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa zaro sandar ana wankewa ana sake mata giris kafin damina da bayan hunturu, a kuma canza kebul ɗin gaba ɗaya da zarar an ga tsaga ko kumburi a jikin robarsa, domin ba a gyara shi.